Wai sanatan Guam sanatan Amurka ne? Tambaya kan Angel Santos

Ummu_Hanif:
Salam 'yan uwa, dan Allah ina da tambaya. Jiya ina ta karance-karance kan tsibiran tekun Fasifik sai na ci karo da sunan wani Sanata Angel Santos na Guam, wai har wani filin tarihi aka sa wa sunansa a Hagatna babban birninsu. Abin da ya ɗaure min kai shi ne ance ya yi zaman gidan yari kuma duk da haka suka sake zaɓarsa. To shi a majalisar dattawan Amurka yake ko yaya? kuma me ya yi aka ɗaure shi?

Dan_Makaranta:
Wa alaikissalam Hajiya. A'a ba na Washinton bane. Guam ba jiha bace, yanki ne da Amurka ta ƙwace daga hannun Sifaniya a 1898, sai a 1950 aka ba mutanen wajen takardar zama 'yan ƙasa amma har yau basa zaɓen shugaban ƙasa, wakili ɗaya suke turawa majalisar wakilai shima baya da ƙuri'a in anzo zartar da doka. Majalisarsu ta gida guda ɗaya ce kuma duk wanda ke ciki sanata ake ce masa, yanzu su 15 ne, lokacin da Santos ya fara shiga 21 ne, duk shekara 2 ake sabon zaɓe.

Baba_Sojan_Sama:
Bari in ƙara kan abin da ɗan uwa ya faɗa, don ni labarin mutumin nan yana taɓa min zuciya wlh. An haife shi 1959, kuma fa soja ne, ya yi sama da shekara 10 a rundunar sojan saman Amurka, wato ba wai tun farko yake adawa da su ba. Ƙaramar 'yarsa ce ta rasu da ciwon daji, shi kuma ya yi imani sinadaran da suka gurɓata ruwan sha daga sansanin soja ne sanadi, daga nan mutum ya canza gaba ɗaya. A 1991 shi da abokansa suka kafa ƙungiyar Nasion Chamoru, Chamoru ɗin sune 'yan asalin tsibirin, kuma maganarsu ɗaya ce, ƙasa. Bayan Amurka ta kori Japan a 1944 soja suka ƙwace filayen mutane masu ɗimbin yawa, har yanzu fiye da kwata na tsibirin yana bayan shingen waya na soja, ki duba fa tsibirin da duka-duka bai wuce murabba'in kilomita 550 ba. Akwai dokar da aka yi tun wajen 1975 cewa a ba Chamoru hayar filin gwamnati na shekara 99 kan dala 1 a shekara, aka ajiye ta tana shan ƙura kusan shekara 20, sai da su Santos suka kai ƙara suka kafa tanti a gaban ofishin gwamna kafin kotu a 1992 ta ce dole a aiwatar. Zancen ɗauri kuma a 2000 ne, wata 6, saboda kotu ta hana shi shiga wani fili da yace na kakansa ne shi kuma yaƙi bari.

Gaskiya_Daya:
Ni dai Baba kayi haƙuri, ban yarda da duk salonsa ba. Tsallake shingen sansanin soja da taka umarnin kotu, kuma a ce kai ne za ka yi wa mutane doka? Tun 1994 aka zaɓe shi, yana da kujera yana da bakin magana, ai can ya kamata ya yi faɗan. Kuma da ya nemi gwamna a 1998 ko zaɓen fidda gwani na Dimokurat bai ci ba, gwamna mai ci a lokacin, Carl Gutierrez, ne ya kada shi, kenan ba kowa ke bayansa ba.

Baba_Sojan_Sama:
Ɗana ai nan matsalar take. Wace doka majalisar Guam za ta yi ta dawo da filin da ke hannun gwamnatin tarayya? Babu. Kujerar tana da iyaka kuma shi ya san haka, dokar filayen ma da kake gani ai majalisa ce ta yi ta, me ta tsinana kafin mutane su fito su kwana a waje? Kuma yana fitowa daga kurkuku a wannan shekarar suka mayar da shi majalisa. Ya rasu a watan Yulin 2003 yana da shekara 44 kacal.

Ummu_Hanif:
Ikon Allah, 44 kawai. Na gode sosai Baba, na gode Malam. To wannan hayar ta dala 1 har yanzu ana bayarwa? don in fili na hannun soja ban ga inda za a samo wanda zai ishi kowa ba.