Baba na wankin ƙoda, ya dage sai an kai shi Kure ganin raƙuman dawa: mu kai shi ko mu hana?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma ina roƙon wanda zai amsa ya daure ya karanta har ƙarshe, don maganar nan ta fara raba kan gidanmu.

Mahaifinmu mutumin Tawa ne, tsohon direban babbar mota. Albasar Adar ya yi ta ɗaukowa zuwa Yamai tun kafin a haife ni har ƙarfinsa ya ƙare. Hawan jini da ciwon sukari suka taɓa masa ƙoda, yanzu yana wurina nan Yamai, ana yi masa wankin ƙoda sau biyu a mako. Duniyarsa ta koma tsakanin gadon asibiti da tabarmar ƙofar ɗaki. Ko ruwan sha aunawa muke yi mu ba shi.

Tunda sanyi ya fara shigowa ya riƙe magana ɗaya: a kai shi Kure ya ga raƙuman dawa. Ya ce lokacin da yake bin hanyar Doso, in ya yi sammako yakan tarar da su suna tsallaka kwalta, sai ya tsaida mota ya kashe inji ya jira su wuce, yaran mota na ta ƙunƙuni wai ana ɓata musu lokaci. Tunda ya kwanta bai taɓa roƙon mu komai ba, ko abincin da aka hana shi bai taɓa cewa a sammasa ba. Wannan ne kaɗai.

Yayanmu babba yana bida a Abijan, shi ke aiko da kuɗin magani, ya ce sam ba da shi ba: ga jiki ba ƙarfi, ga batun tsaro. Inna in an tambaye ta sai ta ce ku kuka sani, amma na ga ta wanke babbar rigarsa ta ninke ta ajiye kusa. Na ce wa Baba to mu je Mize, gidan tarihi da dabbobi na nan Yamai, ai akwai zaki da dorina da kura. Ya ce dabbar da ke cikin keji majinyaciya ce irinsa, ba ita yake son gani ba. Wallahi na rasa abin faɗa.

To jikin mai wankin ƙoda zai ɗauki wannan tafiyar? Hanyar fa? Kuma yaya zan yi da Yaya ba tare da na saɓa masa ba?

Majo (babban ma'aikacin jinya) mai ritaya, Yamai:
Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da jinya, Allah ya sa kaffara ne. Maganar farko ta lokotoron da ke bin sa ce, shi ya san nauyinsa da tansiyonsa da ƙarfin zuciyarsa. Ki faɗa masa komai dalla-dalla: kilomita 60 ne, akwai shiga daji, a dawo a yini ɗaya. In ya ce a'a, magana ta ƙare. In ya yarda, ga abin da zan ƙara.

Kada ku tafi ranar wankin, don ranar jiki a mace yake, tansiyo kuma yakan faɗi. Kada kuma ku tafi ranar da ta fi nisa da wankin baya, lokacin ruwa da datti sun taru a jini, a nan ne haɗari ya fi yawa. Washegarin wanki ita ce ranarku. Kuma ko me za a yi kada a tsallake randebu ko ɗaya saboda yawo.

Hannun da aka yi wa aiki, inda ake sa allurar wankin, shi ne ransa. Kada a kama shi ta nan wajen hawa mota, kada ya jingina a kansa, kada rigar ta matse shi. Ruwan sha adadin da aka saba, kada a ƙara wai don ana tafiya. Ki sa ƙanƙara a kula, in ƙishi ya dame shi ya tsotsi ɗan guntu. Dabino da ayaba da kilishin bakin hanya, duk ki hana, ko da wani ya miƙo masa da sunan alheri. Tunda yana da ciwon sukari, ya karya kumallo kafin ku tashi, ki riƙe 'yan ƙwayoyin sukari ko da zai fara rawar jiki da gumi. In kin ga numfashi na yi masa wuya, ko ƙirji na ciwo, ko magana ta fara rikicewa, ku juyo nan take ko da raƙuman na gabanku.

Direban kar, layin Yamai zuwa Doso:
Allah ya ba babanmu lafiya, mu ma sana'arsa muka gada. Kwaltar ba ita ce matsala ba, awa ɗaya da ɗan wani abu kun isa. Wahalar tana farawa in an sauka daga kwalta, ga yashi ga gargada. Ƙaramar mota ba za ta yi ba, ku nemi kat-kat mai sanyi, ya zauna gaba, a sa masa matashi. Ku tashi bayan sallar asuba in gari ya waye, ku dawo kafin azahar. Kuma in za a yi, a yi yanzu cikin sanyin Disamba ko Janairu. Daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40, mai lafiya ma yana jin jiki.

Wani ɗan uwa daga unguwar Bukoki:
Ku yi haƙuri, ni ina bayan yayanki. Mun manta ne? Ranar 9 ga Agusta 2020, a dajin Kuren nan 'yan bindiga a kan babura suka kashe mutum 8, Faransawa 6 masu aikin agaji da 'yan Nijar 2, direbansu da ɗan jagora. Raƙuman dawa suka je gani su ma. Bayan haka hukuma ta rufe wurin. Mai ƙafa in abu ya tashi zai gudu, tsoho mara lafiya fa? Wa zai ɗauke shi? Kuma mutumin da ke can yana neman kuɗin wankin nan da guminsa yana da haƙƙi a saurare shi. Ba rashin tausayi ya sa ya hana ba.

Malamin makaranta, na yi aiki a Birnin Gaure:
Ɗan uwa, abin da ka faɗa gaskiya ne, ba wanda ya isa ya raina shi. Shi ya sa ba a ɗaukar mota a faɗa dajin nan da ka. 'Yar uwa, ki fara zuwa wurin ma'aikatan gandun daji a nan Yamai ki tambayi halin da ake ciki a makon da kuke son tafiya, sannan a ji ta bakin jandarmomin hanyar. In sun ce kada a shiga, kada ku shiga. In sun ba da dama, da ɗan jagora na wurin ake tafiya, su suka san inda garken ya kwana.

Akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Raƙuman ba sa zama wuri ɗaya. Da damina suna kan tudun Kure, in rani ya shigo sai su gangara kwarin Dallol Boso, wajejen Harikanasu, saboda gawo. Kun san gawo da rani yake fid da ganye, lokacin da sauran itatuwa suka kakkaɓe. To a wannan lokacin tafiyar na iya fin yadda kuke tsammani tsawo, ki sa wannan a lissafin da za ki kai wa lokotoro.

Ni na fahimci babanku. Irin wannan raƙumin dawa mai hasken fata, da can daga Senegal har tafkin Cadi ana samunsa. Farauta da fari da sare daji suka cinye shi, har a 1996 guda 49 kacal suka rage a duniya, dukansu a ƙasarmu. Da aka tsare su suka hayayyafa, kafin 2018 sun haura 600. Shekarun da yake tsayawa yana ba su hanya, shekarun da raƙuman suka kusa ƙarewa ne. Manoman yankin na kuka da su, suna cin wake suna cin mangwaro, amma duk da haka sun bar su suna rayuwa a tsakiyar gonaki. Tsohon da ya gan su suna 'yan kaɗan, in ya so ya ga yadda suka yi yawa kafin ƙarfinsa ya ƙare, wannan ba rigimar tsufa ba ce.

Wata 'yar uwa daga Dakwaro:
Mu ma muna da su a Gadabeji, an kawo guda 8 daga Kure a 2018. Amma fa tafiyar kusan kilomita 800 ce, ba ta mai wankin ƙoda ba ce. Na faɗa ne don kada wani ya ba ku wannan shawarar. Allah ya ƙara sauƙi.

Hajiya, daga Tawa:
Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka, Allah shi ba tsoho lahiya. Ni ba ni da ilimin likita, amma na yi jinyar maigidana har Allah ya karɓi abinsa. Shi gonarsa ya so gani. Kullum sai mu ce bari ka ƙara jin ƙarhi, bari damina ta wuce, har ranar da ba sauran magana. Ba wanda ya yi mugunta cikinmu, tsoro ne. Amma har yau in na bi ta hanyar gonar sai zuciyata ta yi nauyi.

Abin da na gani cikin maganarki, ku duka kuna shawara a kansa, shi kuwa yana zaune yana jin ku. Mutumin da ya riƙe gida da sitiyari, yau ana yanke masa hukunci kamar yaro. Ke ƙanwa ce, kada ki ja da yayanki, ba ki cin riba. Ki kira shi, ki miƙa wa babanku waya, ki fita daga ɗakin. Bari uba ya hwaɗa wa ɗansa da bakinsa. Shi yayan naku bai ga yadda tsohon ke yini ba, kuɗi yake aikowa yana kwana da fargaba, nesa ce ke ƙara masa tsoro. Kuma ki tambayi innarku ke da ita, ba gaban kowa ba. Matar da ta wanke riga ta riga ta ba da amsa.

Majo mai ritaya, Yamai:
Hajiya ta yi gaskiya. Zan ƙara ɗaya: ku fara gwada shi da ƙaramar fita. Ku zaga da shi bakin kogi da yamma, ku haye gadar Kennedy ku dawo, ki lura da yadda zai kwana da yadda tansiyonsa zai kasance da safe. Wannan ma ki kai wa lokotoro.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya da dare na bi shawarar Hajiya. Sun daɗe suna magana, ban ji abin da suka ce ba. Daga baya Yaya ya kira ni muryarsa a dushe, ya ce bai ce e ba tukuna, amma ya sa sharaɗi: lokotoro ya yarda, masu gandun daji da jandarmomi su ce hanya lafiya, kuma ƙanen Baba ya bi mu. In ɗaya ya faɗi, an fasa, kuma Baba da kansa ya amince da haka. Ɗan uwa na Bukoki, maganarka ma na karanta wa Yaya, ita ta sa ya dage kan sharaɗin tsaro, na gode. Ranar wanki mai zuwa zan yi wa lokotoro bayani, yau da la'asar kuma za mu gwada fitar bakin kogi. Wanda ya san mai kat-kat ɗin haya, direba mai haƙuri da ya san hanyar Harikanasu, don Allah ya yi mini magana ta gefe.