Jirgi mai kai ko mai inji a ƙarƙashi: ku ba mu labarin tafiyarku tsakanin biranen Ayalan

Ɗan Reluwe, Cork

Assalamu alaikum jama'a. Shekarata shida ke nan a Cork, kuma aiki yana kai ni Dublin aƙalla sau biyu a wata. Mahaifina ma'aikacin reluwe ne a Zariya, a gefen layin dogo na tashi, don haka tun ina yaro kunnena ya saba bambance kukan wannan kan jirgi da na wancan. Da na zo ƙasar nan abin ya dawo min sabo.

Ga abin da nake so mu tattauna. Jiragen da ke tsakanin birane a nan kusan iri biyu ne. Akwai masu kai daban, wato kan jirgi guda yana jan taragu, kamar yadda muka sani a gida. Su ne suka fi yawa a hanyar Dublin zuwa Cork: taragun Mark 4 da kamfanin CAF na Sifaniya ya ƙera, suka fara aiki a 2006, kan da ke jansu kuma samfurin 201 ne, ƙirar General Motors a Kanada a 1994 da 1995. Guda 34 aka yi, aka raɗa musu sunayen kogunan ƙasar. Na farkonsu, mai lamba 201 da sunan kogin Shannon, a cikin jirgin sama ƙirar Antonov aka kawo shi Dublin. Duk lokacin da na iso tashar Heuston ta Dublin da sauran lokaci, sai na taka har ƙarshen dandamali na karanta sunan kogin da zai kai ni gida. A wancan ƙarshen jirgin akwai tarago mai ɗakin direba, shi ya sa ba a juya kan: a zuwa ya ja, a dawowa ya tura.

Iri na biyu su ne samfurin 22000 na Hyundai Rotem daga Koriya ta Kudu. Ba su da kai, kowane tarago da injin dizal ɗinsa a ƙarƙashin ƙafarka.

Ni dai Mark 4 nake so, ba na ɓoyewa. Cikin taragon shiru, ba ka jin komai sai ƙafafun jirgin a kan ƙarfe, ga shi yana kaiwa kilomita 160 a awa a wuraren da layin ya miƙe. Awa biyu da rabi, ka ratsa filin Curragh da tumakinsa, ka wuce Thurles da Mallow, sai jirgin ya shige dogon ramin nan ya fito kai tsaye cikin tashar Kent ta Cork. Ku fa? Wanne kuka hau, a wace hanya, me kuka gani?

Nas a Galway

Wa alaikumus salam Malam. Mu na yamma ba mu da zaɓi, 22000 ne kullum, kuma gaskiya ban taɓa jin ya dame ni ba. Idan na fito daga aikin dare zan je Dublin, gunjin injin nan da kake ƙi shi ke sa ni barci kafin mu kai Athenry. Abin da na fi kula da shi tebur ne da wurin cajin waya, kuma duka akwai.

Wuri biyu ne ba na yarda barci ya ɗauke ni. Gadar Athlone a kan Shannon, da kuma shigowa Galway, inda jirgin ke ratsa ruwan Lough Atalia, ruwa dama ruwa hagu, kafin ya tsaya a Ceannt.

Wata rana na sayi tikiti ta intanet na kama kujera, sunana ma yana rubuce a ɗan allon da ke saman kujerar. Na shiga na tarar da wani dattijo a zaune a wurin, ya jingine sandarsa. Tarbiyyar gida ta hana ni cewa ya tashi, sai na tsaya a gefe. Shi da kansa ya ɗaga kai ya karanta sunan, ya yi ƙoƙarin furtawa, ya dube ni ya tambaya ko ni ce. Da na ce e sai ya miƙe zai ba ni wuri, na rantse ba zan zauna ba. Wani saurayi da ke kusa da shi ya tashi ya bar min tasa. Har Tullamore dattijon yana ba ni labarin 'yar uwarsa da ta yi aikin asibitin mishan a Najeriya shekaru da dama.

Ɗalibi a Limerick

Yaya Ɗan Reluwe, ni labarina na gargaɗi ne ga sababbin zuwa. Ranar da na sauka ƙasar nan na hau jirgin Cork daga Heuston da tikitin Limerick. Da aka sanar da Limerick Junction na sauko da akwatuna biyu, na nufi hanyar fita ina neman tasi, a zatona na iso. Babu gari a wurin, sai filaye da filin sukuwar dawaki a gefe. Tashar tana cikin gundumar Tipperary ne, tsakaninta da birnin Limerick fiye da kilomita 30. Mahaɗa ce kawai, ana sauka a canza zuwa wani ƙaramin jirgi da ke jira. Wata tsohuwa ce ta ga ina waige-waige, ta tambaye ni inda za ni, ta nuna min jirgin tana cewa in yi sauri. Da kyar na samu.

Haka abin yake a Mallow ga mai zuwa Killarney ko Tralee, sau da yawa sai an canza. A duba tikiti da kyau, yana nuna inda za a sauka.

Wani abu kuma da ya ɗaure min kai da farko shi ne sunayen tashoshin. Tashar Limerick sunanta Colbert, ta Cork Kent, ta Galway Ceannt. Daga baya wani malaminmu ya bayyana min cewa a 1966 aka sauya musu suna, don tunawa da jagororin boren 1916 da Turawan Ingila suka kashe. Heuston da Connolly ma sunayen mutane ne.

Dattijon Ballyhaunis

Sannunku 'ya'yana. Ni na riga ku zuwa, tun 2003 nake yankin Mayo, kuma na hau abin da yawancinku ba ku tarar ba. A lokacin jirgin Westport mai kai ne, taragun Mark 3 masu launin ruwan lemo da baƙi. Kujerunsu masu laushi ne, akwai taragon abinci, mutum ya zauna da kofin shayi yana kallon Roscommon tana wucewa. Wani lokaci samfurin 071 ne ke jan mu, tsofaffin kawunan nan na 1976. Idan ya tashi daga tasha da kaya mai nauyi, kukansa har cikin ƙirji kake ji. Ɗan Reluwe, kai ka san abin da nake nufi. Har yanzu suna nan suna jan jiragen kaya daga Ballina, ina jin wucewarsu daga gida, ba na buƙatar leƙawa kafin in san su ne.

Zuwa 2009 an janye Mark 3 gaba ɗaya. Na yi kewarsu, amma zan faɗi gaskiya tsakanina da Allah. Sababbin da suka zo sun fi tsafta, ƙofofinsu da banɗakinsu sun fi sauƙi ga mai keken guragu, kuma yanzu da gwiwa ta fara ciwo na san darajar wannan. Dadin zama na tsofaffin ne, sauƙin tafiya na sababbin.

Wanda bai taɓa zuwa Manulla Junction ba ya zo ya gani. Dandamali ne guda a tsakiyar gonaki, ba a shigarsa daga titi, ba a fita. Aikinsa kawai masu zuwa Ballina su sauka daga jirgin Westport su hau nasu. Idan kuma kun biyo hanyar ku tsaya Ballyhaunis ku yi salla, masallacinmu tun shekarun 1980 aka gina shi, kuma ba shi da nisa da tasha. Da hunturu rana tana faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu da 'yan mintoci, don haka ni nakan haɗa azahar da la'asar kafin in hau.

Ɗalibi a Limerick

Allah ya ƙara lafiya Baba. Ina da tambaya ga Yaya. Ranar da ake wasan ƙarshe na hurling, wasan ƙwallo da sanda na gargajiyar Ayalan, a filin Croke Park na Dublin, na ga cikar da ban taɓa gani ba, kowa da rigar gundumarsa, har tsakanin taragu mutane ne. Me zai hana a sayo taragu na hannu daga Ingila a ƙara, tunda ga su nan kusa?

Ɗan Reluwe, Cork

Ƙanina, ba za su hau layin ba. Faɗin layin dogon Ayalan milimita 1,600 ne, ƙafa biyar da inci uku, na Ingila da yawancin Turai kuwa 1,435. Doka ce ta 1846 ta tsayar da wannan faɗin, bayan kamfanonin farko kowa ya shimfiɗa nasa daban. Ban da nan, sai wasu sassan Ostareliya da Brazil ake samun irinsa. Ka kwatanta da gida: tsohon layin Legas zuwa Kano 1,067 ne, na Abuja zuwa Kaduna 1,435, jirgin wannan ba ya hawa na wancan. Saboda haka duk abin da za a kawo nan sai an ƙera shi musamman ko an sauya masa ƙafafu, shi ya sa oda ke ɗaukar shekaru. Abin da aka yi a baya-bayan nan shi ne sayo ƙarin taragun tsakiya guda 41 daga Koriya aka saƙa su cikin jiragen 22000 don su ƙara tsawo.

Baba, ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Na taɓa tsayuwa awa guda a Portarlington cikin yayyafi don kawai in ga 071 ya wuce, kuma da ya zo ban yi nadama ba.

Injiniya a Drogheda

Ba wanda ya ambaci Enterprise, to bari in shigo. Shi ne jirgin Dublin zuwa Belfast, daga Connolly yake tashi ba Heuston ba, kuma ƙaramin jirgin cikin gari da ake kira Luas, na layi mai launin ja, yana haɗa tashoshin biyu. Kamfanin jirgin ƙasa na Jamhuriyar Ayalan da na Ayalan ta Arewa ne ke gudanar da shi tare. Taragunsa ƙirar De Dietrich ne na Faransa, tun 1997, su ma 201 ke jansu. A ganina sun fi Mark 4 daɗin zama, Malam ka yi haƙuri, kujerun sun fi faɗi kuma hasken ciki bai da kaifi. Tun Oktoban 2024 ya koma kowace awa, yana shiga sabuwar tashar Grand Central a Belfast, sai dai ba kowane ne De Dietrich ba, ana cike gurbi da masu inji a ƙarƙashi. Mai son ainihin abin ya duba kafin ya zaɓi lokaci.

Idan za ka arewa ka zauna ta dama. Za ka ga teku a Malahide da Skerries, sannan gadar Boyne a garinmu, wadda aka gama a 1855, jirgin yana can sama gari da kogi suna ƙasa.

Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci. Jirgin ba ya tsayawa a kan iyaka, bayan Dundalk sai dai ka ga wayarka ta sauya layi. Amma Belfast ƙasar Birtaniya ce. Katin zama na Ayalan ba ya ba mai fasfon Najeriya ko Nijar izinin shiga, sai da bizar Birtaniya. Kada rashin shinge ya ruɗi kowa.

Maman Biyu, Wexford

Ni ban san lambobin jirage ba, amma na san hanyarmu ta fi ta kowa kyau. Daga Connolly zuwa Wexford jirgin ba ya sauri, domin har Greystones layi ɗaya yake bi da DART, jirgin unguwannin Dublin mai tsayawa kowace tasha. Yarana ba sa ƙorafi. Tsakanin Bray da Greystones jirgin yana maƙale a jikin dutse, ya shiga rami ya fito, teku tana can ƙasa tana dukan duwatsu. Ranar farko na riƙe kujera ina salati, su kuwa sun manna fuska a taga. Bayan tashar Wexford kuma, idan za ka Rosslare, jirgin yana bi ta bakin ruwa a tsakiyar gari a hankali kamar mai tafiya a ƙasa, mutane na gefe suna ɗaga wa yara hannu.

Malam Ɗan Reluwe, babban ɗana shekararsa tara, kuma tun da na karanta masa maganar kawunan da ke da sunayen koguna ya hana ni sakat. Wane jirgi za mu hau ya ga ɗaya?

Ɗan Reluwe, Cork

Hajiya, ku zo Heuston ranar Asabar da safe ku nemi jirgin Cork. Yawancinsu Mark 4 ne, amma akan sa 22000 a wasu lokutan, don haka idan kun ga taragu masu inji a ƙasa ku jira na gaba. Ba sai kun je Cork ba, tikitin Portlaoise ko Thurles ya isa, ku tabbatar dai wanda za ku hau yana tsayawa a can. Ku iso da minti ashirin a hannu. Sunan yana kan wani allon ƙarfe a gefen kan jirgin, da harshen Irish da Turanci. Ya zo da ɗan littafi ya rubuta lambar da sunan kogin, ni ma nawa littafin saura guda bakwai ban gani ba.