Zaɓen shugaban ƙasa: a wace jiha za a ƙirga ƙuri'ar ɗan Najeriya mazaunin Jidda?

Ɗan Funtuwa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk lokacin da zaɓe ya matso sai a tayar da maganar ba 'yan Najeriya mazauna ƙasashen waje damar zaɓen shugaban ƙasa, da an rantsar da gwamnati kuma sai shiru. Waɗannan mutane suna aiko da kuɗin da ya kai kusan dala biliyan 20 a shekara, har hukuma aka kafa musu, NiDCOM. To me ke hana su ƙuri'a? INEC ce ta ƙi, ko doka ce ta ɗaure ta? In kuma an yarda, wanda yake Jidda ko Kumasi a ina zai dangwala, kuma a ina za a ƙirga ƙuri'arsa?

Barista A.:

Wa alaikumus salam, Malam. INEC ba ta da ikon yin wannan ko da tana so, kuma shugabanninta sun sha faɗin cewa a shirye suke in an gyara doka. Ƙullin yana cikin kundin tsarin mulki na 1999. Sashe na 77(2) da na 117(2) sun ce wanda za a yi wa rajistar zaɓe shi ne ɗan ƙasa mai shekara 18 da yake zaune a Najeriya lokacin rajistar. Sashe na 132(5) kuma ya ce mai zaɓen shugaban ƙasa shi ne wanda ke da rajistar zaɓen 'yan majalisa. Ka ga an ɗaure na biyun da na farkon.

A lura, ba a hana mazaunin waje zaɓe kwata-kwata ba. Sashe na 12 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya yarda mutum ya yi rajista inda yake zaune, ko inda yake aiki, ko inda asalinsa yake, amma sai ya kai kansa gaban jami'in rajista. Mai kuɗin jirgi yana iya zuwa ya yi rajista, ya karɓi kati, ya sake dawowa ranar zaɓe. Direban da ke Riyad ko mai ɗinki a zangon Kumasi shi aka bari a baya.

Gyaran kuwa hanyarsa doguwa ce. Sashe na 9 na kundin yana buƙatar biyu bisa uku na kowace majalisa, wato sanatoci 73 cikin 109 da wakilai 240 cikin 360, sannan majalisun dokokin jihohi 24 cikin 36 su amince. Ranar 1 ga Maris 2022 aka kaɗa ƙuri'a a kan ƙudirin ba mazauna waje damar zaɓe, ya faɗi tun a Abuja, bai ma kai jihohi ba.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce ainihin matsalar, kuma yawancin masu fafutukar suna tsallake ta. Sashe na 134 bai ce wanda ya fi ƙuri'a shi ya ci ba kawai. Sai ya samu kashi 25 cikin 100 a aƙalla biyu bisa uku na jihohi. Ke nan kowace ƙuri'a aiki biyu take yi: tana shiga jimillar ƙasa, tana kuma shiga lissafin jiha. Ƙuri'ar Jidda ba ta da jiha. Hanyoyi uku ne a gabanmu. Ko a mayar da kowace ƙuri'a jihar asalin mai ita, ko a ɗauki mazauna waje kamar wata jiha ta daban, ko a sa ƙuri'unsu cikin jimilla kaɗai ba tare da sun taɓa lissafin kashi 25 ba. Ta biyun tana canza adadin da ake ɗaukar biyu bisa ukunsa, kuma mun san abin da irin wannan lissafi ya jawo a 1979, lokacin da ƙuri'un jihar Kano suka sa sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kan ko biyu bisa ukun jihohi 19 shi ne 12 da biyu bisa uku ko 13, a shari'ar Awolowo da Shagari. A 2023 ma matsayin Abuja kaɗai a lissafin kashi 25 ɗin sai da ya kai Kotun Ƙoli. Ni ta ukun nake goyon baya, domin ita ce ba ta buɗe sabuwar ƙofar shari'a.

Hajiya Ta Maraɗi:

Barista, sannu da ƙoƙari. Bari in kawo abin da aka yi a Nijar, tunda can an riga an gwada. Mazauna waje ana kiran su jiha ta tara, bayan takwas na cikin gida, kuma kafin juyin mulkin 2023 an ware musu kujeru 5 cikin 171 na majalisar dokoki. Sun yi zaɓe a 2016. Amma a 2020 hukumar zaɓe ta CENI ba ta samu yi musu sabuwar rajista mai ɗaukar hoton yatsa ba saboda korona ta rufe iyakoki, aka yi zaɓen shugaban ƙasa babu su, kujeru 166 kaɗai aka cike a lokacin. Doka ta ba su haƙƙi, rajista ta ƙwace shi. Ghana ta fi haka: tun 2006 aka yi dokar, kotu ta umarci hukumar zaɓe a 2017 ta aiwatar cikin shekara guda, amma aka yi zaɓen 2020 da na 2024 ba a aiwatar ba. Don haka kada a ɗauka gyaran kundi shi ne ƙarshen aiki.

Malam Na Gunduma:

Gaskiyar Hajiya ce. Ku dubi yadda ƙuri'a ke tafiya a gida, sai ku ga inda za ta tsaya a waje. A rumfa na'urar BVAS tana tantance mai zaɓe da yatsa ko fuska, a ƙirga a gaban kowa, a rubuta a fom EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a ɗauki hotonsa zuwa IReV, shafin intanet da INEC ke nuna sakamako. Daga nan sai gunduma, sai ƙaramar hukuma, sai jiha, sai Abuja. Rumfuna 176,846 duk suna ƙarƙashin gundumomi 8,809. Rumfar Landan ba ta da gunduma, ba ta da ƙaramar hukuma, ba ta da baturen zaɓen da doka ta sani. Dole dokar zaɓe ta ƙirƙiri wannan matakin ta faɗi wanda zai tattara.

Na biyu, wa zai riƙe akwatin? Jakada naɗin shugaban ƙasa ne, kuma shugaban yana iya kasancewa ɗan takara. In aka bar ma'aikatan ofishin jakadanci su zama malaman zaɓe, wanda ya faɗi ba zai yarda ba, kuma yana da hujja. Ofishin ya ba da ɗaki da tsaro kawai, INEC ta tura mutanenta. Kada a manta ma a Satumban 2023 an kira dukkan jakadu gida, ofisoshi suka daɗe ba jakada.

Na uku, agogo. Ana buɗe rumfa ƙarfe 8:30 na safe a rufe layi 2:30 na rana. A watan Fabrairu, 2:30 ɗin nan ƙarfe 7:30 na safe ne a Houston. Kafin mutumin can ya kai layi, sakamakon rumfunan Kano da Legas ya cika WhatsApp. Faransa ta magance wannan da sa mutanenta na nahiyar Amurka su yi zaɓe ranar Asabar, kwana ɗaya kafin na gida. In mu ma za mu yi haka, sai a rufe akwatin da hatimi, wakilai su rubuta lambar hatimin, kada a ƙirga sai an rufe rumfuna a Najeriya. Daren da akwatin zai kwana shi ne wurin haɗari, dole doka ta faɗi inda zai kwana da wanda zai tsare shi.

Sai zagaye na biyu, wanda ake yi cikin kwana 21. Ba a buga takardun ƙuri'a a kai su ƙasashe masu yawa cikin wannan lokaci ba tare da shiri tun farko ba.

Ɗan Funtuwa:

Allah ya saka da alheri. Amma Malam Na Gunduma, tunda wahalar duk ta akwati ce, me zai hana a yi ta waya? Da lambar NIN mutum ya shiga ya zaɓa daga ɗakinsa.

Malam Na Gunduma:

Ban goyi bayan wannan ba, ɗan'uwa. NIN lambar shaida ce, ba ta tabbatar da ɗan ƙasa, domin baƙon da ke zaune a Najeriya bisa ƙa'ida ma ana ba shi. Sannan ƙuri'ar waya ba ta da sirri: maigida ko ubangidan aiki na iya tsayawa a kan mutum, mai sayen ƙuri'a kuma zai ce a turo masa hoton allo kafin ya biya. In aka je kotu babu takardar da za a sake ƙirgawa. Ƙasar da har yanzu ake jayayya kan abin da ya samu IReV a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ba za ta fara da wannan ba.

Abin da zai yiwu shi ne tafarkin Kenya. Zaɓen shugaban ƙasa kaɗai suka ba mazauna waje, da kai mutum yake zuwa ofishin jakadanci. A 2013 sun fara da ƙasashe huɗu na yankinsu, Uganda da Tanzaniya da Ruwanda da Burundi, a 2017 suka ƙara Afirka ta Kudu, a 2022 ƙasashen suka kai 12. Su ma suna da sharaɗin kashi 25 a yankunansu, sai suka tattara ƙuri'un waje a mazaɓa ta daban. Duk da haka waɗanda suka yi rajista a 2022 ba su kai 11,000 ba, saboda nisan ofisoshin. Masu tsoron cewa ƙuri'un waje za su juya zaɓe a karon farko su dubi wannan adadi, su gwada shi da tazarar kusan miliyan 1.8 da ta raba na ɗaya da na biyu a zaɓen Najeriya na 2023.

Hajiya Ta Maraɗi:

Abu ɗaya nake roƙo a kula da shi wajen zaɓar ƙasashen farko. In aka ce fasfo mai rai shi ne sharaɗi, aka fara da Amurka da Ingila da Kanada, to an zaɓi wani rukuni na mutane an bar wani. Dubban 'yan Najeriya a Nijar da Kamaru da Chadi da Ghana ba su taɓa riƙe fasfo ba, wasu takardar tafiya ta ECOWAS suke da ita, wasu ba komai. Ga kuma jikokin mahajjatan da suka zauna a Sudan, irin na garin Mai Wurno. Sashe na 25 na kundin tsarin mulki ya ce wanda aka haifa a waje ɗan ƙasa ne in ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Najeriya ne, to da wace takarda zai tabbatar? Ya kamata jerin farko ya haɗa da Yamai da Akara da Yawunde da Jidda, a buɗe rajista aƙalla shekara guda kafin zaɓe, a kafe sunaye a ofishin domin masu ƙorafi, sannan duk wanda ya yi rajista a waje a soke tsohuwar rajistarsa ta gida kafin a buga masa sabon kati.