Neman shawara: an turo wa maigidana fom din sake duba kudin nakasa, tsoro ya hana mu cikewa

Mai neman shawara (an boye suna):
Assalamu alaikum 'yan uwa, Admin dan Allah a boye sunana. Shawara nake nema wajen wadanda suka san harkar Social Security, hukumar gwamnati mai biyan kudin ritaya da na nakasa, a nan Amurka. Maigidana ya samu shanyewar barin jiki kusan shekara uku kenan, aka amince masa da kudin nakasa na SSDI, da shi muke hadawa da dan abin da nake samu mu biya haya da sauran hidima. To satin da ya wuce sai ga wasika da wani fom mai uban shafuka an rubuta SSA-454 a jikinsa, wai za su sake duba lafiyarsa su gani ko har yanzu ya cancanta. Tun ranar bawan Allahn nan bai yi barcin kirki ba, gani yake tunda yanzu yana iya takawa da sanda shikenan yankewa za su yi, alhali hannun dama har yau ko cokali baya rike masa da kyau, magana a sarke take fita, ga mantuwa. Abu biyu suka fi damuna, ya dade rabonsa da likitan jijiya wai ya gaji da zirga-zirga ba wani canji, sannan a bara ya dan zauna a shagon wani abokinsa na 'yan makonni ana bashi dan wani abu, jiki ya ki ya dawo gida. Wani ya ce mu ajiye fom din mu yi shiru ai za su manta, wani kuma ya ce kar mu kuskura mu ambaci zaman shagon. Ya kuke gani?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam, Allah ya kara sauki yar uwa. Shirun nan kam kar ki soma. Ba sa mantawa, in ba ku amsa ba za su iya dakatar da kudin saboda rashin ba da hadin kai kawai, ba tare da ko kallon lafiyarsa ba. Ki duba wasikar akwai ranar da suke so a maida fom din, in kin ga ba za ku gama ba ki kira ofis dinsu ki nemi karin lokaci tun kafin ranar ta wuce.

Dan uwa direba:
Ni shawarata ku rubuta ya fi da tsanani kawai, ku ce ko tashi baya iyawa. Mutanen nan in ka nuna musu ka samu sauki ko kadan shikenan.

Anti Nas:
Haba malam, wannan ai jefa su rami za ka yi. Fom din ba shi kadai suke karantawa ba, za a sa ya sa hannu a wata takarda SSA-827 wadda take basu izinin karbo fayil dinsa daga asibiti, to in likita ya rubuta yana tafiya da sanda ku kuma kun rubuta baya tashi, wa za a yarda da shi? Daga nan duk sauran abin da kuka fada na gaskiya ma ya zama abin zargi.

Yar uwa bari in miki bayani yadda abin yake don hankalinki ya dan kwanta. Wannan sake dubawar doka ce, kowa da ke karba ana masa, ba wai wani ya kai kararku ba. Tun lokacin da aka amince wa mutum ake sa shi a daya daga cikin aji uku. Wanda ake sa ran zai warke ana duba shi tsakanin wata 6 zuwa 18, wanda mai yiwuwa ya samu sauki kamar duk shekara 3, wanda ba a sa ran wani canji kuma shekara 5 zuwa 7. In kin nemo wasikar farko ta amincewa yawanci za ki ga an fada a ciki lokacin da za a fara duba shi, ni dai na ga naku ya fado daidai da na shekara ukun. Fom kuma iri biyu ne, akwai gajere SSA-455 mai 'yan tambayoyi, akwai dogon da aka turo muku, shi ne za a mika wa ofishin jiha da ke yanke hukunci kan bangaren lafiya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, ba sabon nema yake yi ba. Ka'idar ita ce sai an nuna lafiyarsa ta inganta in aka kwatanta da lokacin da aka yanke hukuncin baya, kuma ingantuwar ta shafi iya aiki, sannan a ga yanzu zai iya aikin da zai rike shi. Takawa da sanda sauki ne, amma mutumin da hannunsa na dama baya aiki, magana na masa wuya, yana manta abin da aka ce masa dazu, wane aiki zai yi awa takwas kullum kwana biyar a sati? Nan ne ya kamata ku fi ba karfi a fom din. Kar ku tsaya kan "baya jin dadi", ku fadi abu dalla-dalla, minti nawa yake iya tsayuwa, wa yake balle masa maballin riga, wa yake tuna masa magani, ko yana faduwa, ko maganin na sa shi barci da rana. Kuma in wurin rubutun ya kare akwai shafin karin bayani a karshe, ku cika shi.

Mai neman shawara:
Anti na gode wlh har na ji sanyi. To maganar rashin zuwa asibitin fa? Ita ce ta fi tsaya min a rai.

Anti Nas:
Ita ma ni ta fi damuna, gaskiya. Dogon fom din yana tambayar likitocin da ya gani a wata 12 da suka wuce, in fayil ya fito fayau ba komai to ba su da abin dubawa, kuma mai karantawa zai iya dauka sauki ne ya hana shi zuwa. Gobe-goben nan ki kira a ba shi rana da likitan jijiyar da kuma likitansa na kullum, ki rubuta ranar a fom ko da bata zo ba tukuna, ki kuma fadi dalilin da ya sa ya daina zuwa tsakani da Allah. Sannan ki bi shi ki shiga dakin likitan, don mazan nan kin san halinsu, yana shan wahala a gida amma gaban likita sai jarumta ta motsa ya ce komai lafiya, shi kuma likita abin da ya ji shi zai rubuta. In takardun ba su ishe su ba za su iya tura shi wajen wani likita da su za su biya, in wannan wasikar ta zo ko ana ha-maza-ha-mata ku je, in ba hali ku kira a sauya rana.

Baba Dattijo:
Ku yara ba ku san asalin wannan ka'ida da Anti ke fada ba. A farkon mulkin shugaba Reagan daga 1981 aka tsananta dubawa aka yanke wa dubban daruruwan mutane, da yawa suka daukaka kara aka maido musu, hayaniya ta yi yawa har majalisa ta yi doka a 1984 cewa sai an nuna ingantuwar lafiya kafin a yanke. Diyata ki kwantar da hankalin mijinki, mafi yawan wadanda ake dubawa ana ci gaba da biyansu.

Malamin lissafi:
Ni kan zaman shagon zan yi magana tunda ba wanda ya taba shi. Ku fada. SSDI bai haramta gwada aiki ba, akwai ma wata 9 na gwaji da mutum zai yi aiki a ci gaba da bashi kudinsa cif, kuma wata baya shiga lissafin sai abin da ya samu ya wuce wani adadi, a 2025 dala 1,160 ne. Dan ihsanin 'yan makonni da kyar ya kai nan. Kuma ki lura, ya gwada jiki ya ki ya bari, wannan ai hujja ce a gare shi ba a kansa ba. Ku rubuta lokacin da ya fara, lokacin da ya bari, nawa aka bashi da abin da ya sa ya kasa. Boyewa ce ke jawo a zo daga baya a ce an biya ka fiye da hakkinka ka maido.

Maman Biyu:
Kuma ku yi kwafin komai kafin ku tura, ko hoto a waya shafi-shafi. In da hannu kuka kai a buga muku hatimin karba. In turanci na ba shi wahala saboda maganar, suna ba da tafinta kyauta, ki nema.

Wata yar uwa:
Dan Allah in dan shigo da tawa, ni na ji an ce in mutum ya yi tafiya waje wata daya ana yankewa, mahaifiyata tana karba kuma tana son zuwa ganin dangi.

Malamin lissafi:
Ki fara duba wanne take karba. Na kwana 30 din nan na SSI ne, wato tallafin tsofaffi da nakasassu masu karamin karfi, in ta yi kwana 30 a jere a wajen kasar kudin na tsayawa sai ta dawo ta sake kwana 30 a jere. Su 'yan SSI ma duba biyu ake musu, na lafiya da na dukiya, ana tambayar kudin shiga da wanda suke zaune da shi da abin da ke banki, iyakar dala 2,000 ga mutum daya 3,000 ga ma'aurata. SSDI dokarsa daban ce, ta danganta da ko mutum dan kasa ne ko a'a. Ki bude naki zaren a miki bayani kar mu cakuda wa baiwar Allah nata.

Dan uwa direba:
To na ji, na janye. Amma in duk sun yi wannan aka yanke fa?

Anti Nas:
Tambaya mai kyau, kuma yar uwa wannan ki rubuta ki manna a jikin firij. In wasikar yankewa ta zo kuna da kwana 60 ku nemi a sake duba hukuncin, amma in kuna so a ci gaba da biyan kudin da Medicare dinsa (inshorar lafiya ta gwamnati) yayin da ake shari'ar to cikin kwana 10 da karbar wasikar za ku nema, kuma suna daukar cewa ta iso ku kwana 5 bayan ranar da ke jikinta. Mutane da yawa 60 din suke gani su saki jiki, goman ta wuce su. A wannan matakin ana zama da wani jami'in sauraro ya ji daga bakinsa, kema kina iya ba da shaida, in nan ma ba a dace ba akwai alkali a gaba. Ko an yanke ba nan take kudin ke tsayawa ba, ana biyan watan da aka ce nakasar ta kare da wata biyu bayansa. Sai dai ki sani in kuka zabi a ci gaba da biya aka zo karshe ba ku yi nasara ba za a iya cewa ku maido, ko da yake ana iya neman a yafe. In ta kai nan ku nemi ofishin lauyoyin taimakon masu karamin karfi na yankinku tun da wuri.

Admin:
Kari daya, duk wanda ya sauya gida ya sanar da su sabon adireshi, duk wadannan ranakun da ake lissafawa daga wasika suke farawa.

Mai neman shawara:
Allah ya saka da alheri baki daya, Baba na gode, Anti Allah ya biya ki. Na karanta masa duka, ya yarda za mu rubuta zaman shagon, kuma na kira asibiti dazu sun ba mu rana wata mai kamawa. Yanzu magungunan nake jerawa a tebur ina kwafe sunayensu. Anti wajen da aka ce a sa sunan wani da ya san halin da yake ciki, ni zan sa kaina ko sai wani daban?

Anti Nas:
Ki sa kanki, ke kike tare da shi dare da rana. Ki dai ba da lambar da kike dauka, don suna iya kira.