Wa ke da alhakin rayuka 17 da suka salwanta a tafkin Table Rock?

Habibu Gwammaja ya rubuta:

Assalamu alaikum. Akwai wata magana da muka yi ta ja-in-ja a kanta da wani abokin aikina, shi ne na kawo ta nan ko masu ilimin abin za su warware mana. A ranar 19 ga Yulin 2018 wani jirgin ruwa na masu yawon buɗe ido ya nutse a tafkin Table Rock, kusa da garin Branson da ke jihar Missouri a Amurka, lokacin da wata guguwa mai ƙarfi ta taso da yamma. Mutum 31 ne a ciki, 17 suka rasu, kuma tara daga cikin mamatan 'yan gida ɗaya ne, har da ƙananan yara. Jirgin irin wanda suke kira agwagwa ne, wato mota ce mai tayoyi da ke zagayawa da mutane a kan titi, sannan ta gangara cikin ruwa ta ci gaba da tafiya kamar kwale-kwale.

Abokina yana ganin babu wanda za a ɗora wa laifi, domin iska ba ta shawara da kowa, kuma duk wanda ya ga hoton bidiyon da aka ɗauka daga bakin tafkin ya san cewa abin ya fi ƙarfin mutum. Ni kuwa zuciyata ba ta kwanta da wannan ba, saboda waɗannan mutane ba larura ce ta sa su hawa ruwa ba, kuɗi suka biya domin shaƙatawa, kuma wanda ya karɓi kuɗin yana da ikon cewa yau ba za a shiga ba. Tambayata ita ce, idan jirgi ya nutse a cikin guguwa, ina iyakar abin da za a jingina wa yanayi, kuma daga ina alhakin mutane yake farawa: matuƙi, ko kamfani, ko hukumar da ta ba su lasisi?

Injiniya Rabi'atu ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Abin da ya kamata abokinka ya fara dubawa shi ne agogo, domin a nan hujjarsa take rushewa. Tun kafin azahar a ranar hukumar hasashen yanayi ta Amurka ta sanar cewa akwai yiwuwar guguwa a yankin, sannan da ƙarfe 6:32 na yamma ta fitar da gargaɗi mai tsanani wanda ya ambaci tafkin kansa. Jirgin, mai suna Stretch Duck 7, bai shiga ruwa ba sai wajen ƙarfe 6:55, wato fiye da minti ashirin bayan gargaɗin, kuma ya nutse jim kaɗan bayan ƙarfe bakwai. Na'urar ɗaukar hoto da ke cikinsa ta nuna cewa kafin ya tashi an zo an gaya wa ma'aikatan su fara da zagayen ruwa kafin na tudu, saɓanin yadda aka saba. Wanda bai san hadari na tafe ba ba shi da dalilin sauya tsarin tafiya. Abin da aka yi ƙoƙarin yi shi ne a riga guguwar, a gama da ruwa kafin ta iso, sai ta riga su.

Takardar izinin da Dakarun Tsaron Gaɓar Teku suka ba jirgin ta hana shi aiki idan iska ta wuce gudun mil 35 a awa, ko igiyar ruwa ta haura ƙafa 2. Iskar da ta same su ta zarce mil 70. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar, NTSB, a rahoton da ta kammala a 2020, ta ɗora ainihin musabbabin a kan kamfanin Ripley Entertainment, mai harkar, saboda ya bar jirage suna shiga ruwa bayan an fitar da gargaɗi.

Amma a matsayina na mai aikin injiniya, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙirar jirgin. Asalin waɗannan motoci na sojojin Amurka ne a yaƙin duniya na biyu, kamfanin General Motors ya ƙera su domin sauke kaya da sojoji daga teku zuwa gaɓa, daga baya aka ƙara musu tsawo da kujeru aka mai da su na yawon buɗe ido. Suna zama ƙasa-ƙasa a cikin ruwa, kuma cikinsu ba a rarraba shi ɗaki-ɗaki ko an cusa masa abin da zai riƙe shi a sama idan ruwa ya shiga ba, saboda haka da zarar ya fara sha, nutsewarsa ba ta ɗaukar lokaci. A ranar, ruwan ya riƙa shiga ne ta wata kafar shan iska ta injin da ke gaban jirgin. Sannan ga rumfa a sama da labulen roba a gefe, waɗanda aka sa domin kare fasinja daga rana da yayyafi, amma idan jirgin ya yi ƙasa sai su zama keji. Shi ya sa maganar rigar ceto ma take da sarƙaƙiya a nan: babu wanda yake sanye da ita, gaskiya ne, amma mai sanye da ita a ƙarƙashin rumfa ruwa zai ɗaga shi ya manna shi da rufin, jirgin ya ja shi ƙasa.

Duk wannan ba sabon ilimi ba ne a 2018. A watan Mayun 1999 irin wannan jirgi mai suna Miss Majestic ya nutse a tafkin Hamilton na jihar Arkansas, mutum 13 suka mutu, kuma ranar babu guguwa ko kaɗan, wata roba ce da ke toshe kafa a ƙasan jirgin ta kwance. Bayan wannan NTSB ta ba da shawarar a tilasta sa abin da zai hana jiragen nutsewa, in ba haka ba a cire rumfunan. Hukumar ba ta da ikon tilastawa, shawara kawai take bayarwa, su kuma Dakarun Tsaron Gaɓar Teku da ke da ikon ba su mai da ita doka ba. Shekara 19 tsakanin haɗurran biyu.

Ɗan Fito na Yawuri ya amsa:

Hajiya Injiniya ta yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina so in sa baki a kan matuƙin, domin na lura duk lokacin da jirgi ya kife shi ake fara kamawa. Mahaifina fito ya yi a kogin Kwara har ƙarfinsa ya ƙare, kuma na taso ina ganin yadda ake matsa wa mai tuƙi. Fasinja sun riga sun biya, sun zauna, kaya sun hau, mai jirgi yana lissafin abin da zai shiga aljihunsa, sai kai kaɗai ka ɗaga kai ka ga gabas ta yi baƙi ka ce a dakata. Idan ka hana tafiya kuma hadarin ya watse, kai ne matsoraci mai jawo asara. Idan ka tafi aka tsallake lafiya, babu mai tunawa. Wannan ne yake sa mutum ya riƙa gwada sa'a har ranar da za ta ƙare masa.

A Table Rock an ce lokacin da suka shiga ruwan yana kwance lumui, kuma matuƙin da ke kan tafki abin da idonsa ya gani yake aiki da shi, alhali waɗanda ke ofis su ne ke gaban na'urar da ke nuna tafiyar guguwa. Ban ce ba shi da nasa kason ba, domin ya daɗe a aikin kuma yana da damar cewa a'a. Amma idan kamfani bai rubuta ƙa'ida ƙarara ba cewa da an ji gargaɗi an rufe shiga ruwa, ba tare da sai wani ya yi shawara ba, to ya bar nauyin ne a wuyan wanda ya fi kowa tsoron rasa abincinsa.

Game da maganar abokin Malam Habibu kuwa, mu ma a bakin kogi muna cewa kwana ya ƙare, kuma mun yi imani da hakan. Sai dai ban taɓa ganin tsohon ɗan fito da ya fasa duba sama kafin ya kwance igiya ba don ya yi imani da ƙaddara.

Barista Nuhu ya amsa:

Malam Habibu, tambayarka kashi biyu ce ko da ba ka raba ta ba, domin wanda bincike ya nuna da yatsa daban, wanda kotu ta iya hukuntawa daban, kuma a wannan shari'a tazarar da ke tsakaninsu tana da faɗi ƙwarai.

Masu gabatar da ƙara na gwamnatin tarayya sun gurfanar da kyaftin ɗin a ƙarshen 2018, daga baya suka haɗa da manajoji biyu na reshen Branson, a ƙarƙashin wata tsohuwar doka da ke hukunta sakacin ma'aikatan jirgi idan ya jawo asarar rai. A watan Disambar 2020 alƙali ya kori ƙarar, kuma bai kore ta don ya gamsu cewa ba a yi sakaci ba. Dalilinsa shi ne dokar ruwa ta tarayya tana aiki ne a kan ruwan da jiragen kasuwanci ke iya ratsawa, shi kuwa Table Rock tafki ne da aka samar ta hanyar datse kogin White da madatsar ruwa, babu hanyar da jirgin kaya zai bi ya wuce, saboda haka kotun tarayya ba ta da hurumi. Daga nan jihar Missouri ta shigar da tata ƙarar a 2021, wani alƙalin jiha ya yi watsi da ita a watan Afrilun 2022 bisa cewa ba a nuna mutanen sun san girman iskar da ke tafe suka yi biris ba, babban lauyan jihar kuma ya sake shigar da ita.

Abin da ya fi ba ni mamaki a matsayin lauya shi ne yadda wannan batu na hurumi ya yi yanka ta baki biyu. A ɓangaren diyya, kamfanin ya nemi fakewa da wata doka ta 1851 wadda ta ba mai jirgi damar taƙaita abin da zai biya zuwa darajar jirgin bayan haɗari, dokar da masu Titanic ma suka yi amfani da ita. Jirgin da aka tsamo daga ƙasan tafki kuwa darajarsa kusan babu. Kotu ta ƙi amincewa, bisa wannan dalili dai na cewa tafkin ba ya ƙarƙashin dokar ruwa ta tarayya, kuma kamfanin ya sasanta da iyalan a wajen kotu. Hujjar da ta buɗe wa iyalai ƙofar diyya ita ce ta rufe ƙofar hukuncin tarayya.

Sannan ka lura da wanda ba ya cikin jerin waɗanda aka gurfanar. Rahoton NTSB ya ambaci gazawar Dakarun Tsaron Gaɓar Teku a fili, a kan rashin tilasta abin hana nutsewa da kuma batun rumfa, amma hukumar da ta yi shekaru ba ta rubuta ƙa'ida ba babu sashen dokar laifi da ke kama ta. Gyaran da aka samu daga majalisa ya zo, a dokar da aka sa wa hannu a Disambar 2022, wadda ta wajabta cire rumfunan ko sauya su da waɗanda ba sa tare hanyar fita, da kuma sa rigar ceto muddin ana kan ruwa.

Maman Ilham ta amsa:

Barista, Allah ya ƙara basira. Ina so in ƙara da wani misali daga Japan, domin ya nuna cewa matsalar ba ta jirgin agwagwa kaɗai ba ce. A ranar 23 ga Afrilun 2022 jirgin yawon buɗe ido mai suna Kazu I ya tashi daga tashar Utoro a yankin Shiretoko na tsibirin Hokkaido ɗauke da mutum 26, duk da hasashen iska da manyan igiyoyin ruwa da ya sa masunta suka koma gaɓa, kuma babu wanda ya tsira. An samu gawa 20, shida ba a gan su ba. Bincike ya gano cewa murfin wata ƙofa da ke saman gaban jirgin ba ya kulluwa da kyau, ta nan ruwa ya shiga, eriyar rediyon ofishin kamfanin a karye take, kuma kwana uku kacal kafin haɗarin masu duba lafiyar jirage sun duba shi sun sallame shi. Ruwan wurin a wannan lokaci sanyinsa bai fi digiri huɗu ba, wanda ke nufin rigar ceto za ta riƙe mutum a sama amma ba za ta hana sanyi kashe shi ba.

Bambancin da na gani shi ne hukumomin Japan sun bi ta kan mai kamfanin. An soke lasisinsa a 2022, aka kama shugaban a watan Satumban 2024 bisa zargin sakacin da ya jawo mutuwa, domin shi ne aka rubuta a takarda a matsayin mai kula da tashin jirgi, shi ke da ikon hana tafiya. Wannan ya yi daidai da abin da Baba Ɗan Fito ya faɗa game da wanda ya kamata nauyin ya hau kansa.

Habibu Gwammaja ya sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai. Na nuna wa abokina lokutan da Injiniya ta kawo, ya yarda cewa minti ashirin da uku sun isa a hana jirgi gangarawa, amma har yanzu yana kan bakansa cewa matuƙin bai cancanci kurkuku ba, kuma bayan karanta Baba Ɗan Fito ni ma na rage zafi a kan wannan. Barista, idan ka samu sarari, ina so ka yi mana bayanin yadda dokarmu take a kan irin wannan, domin har yau ina tuna kifewar kwale-kwalen Bagwai a madatsar Watari a watan Nuwamban 2021, wanda akasarin waɗanda suka rasu a cikinsa ɗaliban Islamiyya ne, kuma ina son sanin ko mai jirgi da hukumar da ke kula da hanyoyin ruwa suna shiga cikin tuhuma ko a kan matuƙi kaɗai take tsayawa.