Neman kalma: me za mu kira "magnitomita" a rediyo?

Mai shirin kimiyya: Assalamu alaikum. Gobe da safe zan naɗi shiri kan na'urorin da ake kafawa a ƙasa don auna motsin maganaɗisun duniya idan rana ta yi aman wuta. An kafa wasu a Legas da Ilori da Abuja, ƙarƙashin MAGDAS, tsarin tashoshin irin waɗannan na'urori na Jami'ar Kyushu ta Japan. Ina neman sunan na'urar, da na abin nan da ke kewaye duniya yana tare iskar rana, wato ƙananan ƙwayoyi masu lantarki da rana ke fesowa. A taimaka.

Malamin fizis: Wa'alaikumus salam. "Ma'aunin maganaɗisu", kamar ma'aunin zafi. Ɗayan kuma "garkuwar maganaɗisu". Amma ki riƙa cewa ma'aunai, ƙanwata, domin guda ɗaya inda yake kaɗai yake ji, sai an haɗa bayanan tashoshi da yawa ake gane girman guguwar maganaɗisun da aman rana ke haddasawa. Namu suna da muhimmanci saboda layin tsakiyar maganaɗisun duniya ya ratsa Najeriya, kuma da rana akwai lantarkin da ke gudana a samansa, can wajen kilomita 100.

Dattijon Damagaram: Maganaɗisu Larabci ne. Mu "mayen ƙarfe" muka tashi muka ji. Yaro ya ɓalle shi daga tsohuwar sifika, ya ɗaura zare yana ja cikin yashi yana tsintar ƙusoshi, ka tambaye shi sunansa ka ji. "Ma'aunin maita" nake so.

Malamin fizis: Baba, in ta ce an kafa ma'aunin maita a Ilori, wayar gidan rediyon ba za ta huta ba.

Dattijon Damagaram: Ku 'yan Kano komai sai kun yi masa rawani! Kuna jin kunyar harshenku ne?

Wata mai fassara: Haba Baba, littafi da alƙalami ma aro ne, wa ya taɓa korar su?

Mai shirin kimiyya: Don Allah a dawo kan magana. Zan kawo guguwar Maris 1989 da ta kashe wutar Kwibek a Kanada na awa 9. "Garkuwa" ta dace?

Malamin fizis: Ba sosai ba. Garkuwa ba ta miƙewa, wannan kuwa iskar rana na matse ta ta gaba, ta ja ta ta yi doguwar wutsiya ta baya. Amma ban da wadda ta fi ta.

Dattijon Damagaram: Garkuwa Hausa ce, na yarda. Ma'aunin kuma ki faɗi nasu, amma ki ambaci mayen ƙarfe ko sau ɗaya, 'yata.

Mai shirin kimiyya: Zan ambata a farko, Baba. "Yanayin sararin samaniya" fa, a matsayin sunan duk wannan abin da rana ke haddasawa a kewayen duniya? Ina tsoron a ɗauka hasashen ruwan sama zan yi.