Cire waifar baya: gyara ne ko ɓarna?

Mai Golf 4: Salamu alaikum jama'a. Ina so in cire waifar bayan motata in toshe ramin da ɗan murfi, kamar yadda samarin Jamus da Ingila masu ƙawata Golf suke yi. Bayan motar yakan fito sumul, ba wani ƙarfe a tsakiyar gilashi. Ni a ganina ba ta da amfani. Camry da Accord da Corolla masu but ba su da ita, kuma ban taɓa jin mai su ya yi kuka ba.

Direban Sharan: Wa alaikumus salam. Ƙanina, da alama cikin gari kake yawonka. Ka bi hanyar da ba kwalta bayan an ɗauke ruwa, kafin ka isa ƙauye na gaba gilashin bayanka ya koma ja, ko fitilar mai binka ba za ka gani ba.

Mai Golf 4: Yaya, ai Camry ma tana bin irin wannan hanyar.

Injiniya: Tana bi, amma ba ƙirarsu ɗaya ba. Mota mai but rufinta yana gangarowa a hankali, iska ta bi kan gilashin, ta hau but ɗin, sai can bayan bamba take hargitsewa. Golf da Sharan da Sienna da jif kuwa bayansu a datse yake. Da iska ta zo ƙarshen rufi sai ta rabu da jikin motar, ta bar wuri mai ƙarancin matsi daidai bayan gilashin. Iskar ƙasa da ta gefe su yi ta juyawa suna cike gurbin, ɗauke da ƙura da feshin da tayoyin baya suka tayar. Duk a kan gilashin suke sauka. Shi ya sa za ka wanke Golf da safe, da yamma gabanta tas amma bayanta ya yi futu-futu. Kamfanin da ke ƙirga kowane kusa ba zai saka inji da waya da bututun ruwa a banza ba.

Mai Golf 4: To Tesla Model Y fa? Ƙofar bayanta da gilashin take ɗagawa, kuma ba waifa.

Injiniya: Gilashinta a kwance yake sosai, ya fi kama da na mota mai but. Ga misalin da ya fi kusa da taka: Hyundai Ioniq 5. Da ta fito a 2021 ba ta da waifar baya, don an yi wa fiffiken saman gilashin ƙofofi da za su riƙa koro iska tana share shi. Masu motar a ƙasashen ruwa da dusar ƙanƙara suka yi ta ƙorafin ba sa ganin baya. Da aka sabunta ta a 2024, sai ga waifa an saka. Su da suke da ɗakin gwajin iska ma sun dawo sun saka ta.

Mai Civic: Ni ina bayan mai Golf, amma ba don ado ba. Ku faɗi gaskiya, mota nawa ce a titunanmu waifar bayanta ke aiki? Rana ta busar da robar, tankin ruwa ba ko ɗigo. Lokacin hunturu ƙura busasshiya ce, ka kunna ta a haka sai dai ta kankare maka gilashi ta bar zane. Damina 'yan watanni ce a wajenmu, mu ba Turai ba ne. Kuma Malam direba, in ka loda kaya har rufi, ta ina kake ganin bayan? Tirela da tifa da manyan bas duk da madubin gefe suke aiki.

Direban Sharan: Ranar lodi haka ne, da madubin gefe nake tafiya, kuma ba daɗi nake ji ba. Amma dubi girman madubin tirela ka dubi na Golf. Shi kuma direban tirela ba ya ribas a lungu sai da yaron mota yana ɗaga masa hannu. Zancen roba ta bushe kuwa, roba ake sauyawa a zuba ruwa a tanki. Birki ma yana cinyewa, ba a cire shi.

Ɗan'uwa daga Ingila: Don a yi adalci, a nan gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da ake kira MOT ba ya duba waifar baya, ta gaba kawai ake dubawa. Shi ya ba samarin damar cirewa. Sai dai da sanyi ana watsa gishiri a titi saboda ƙanƙara, feshinsa yana bushewa a gilashi ya yi fari. Ni dai ba zan iya tuƙi a haka ba. Yawancin hotunan da kuke gani na ranar baje kolin motoci ne, an wanke an goge.

Hajiya mai Sienna: Ni abin da ya dame ni daban ne. Unguwanninmu cike suke da yara, ga masu babur da ke ratsowa ta bayanka ba sallama. Da asuba in raɓa ta kwanta a gilashi, ko ana yayyafi zan fita da yara makaranta, sai na share bayan nake yin ribas. Ɗana, kyan mota bai kai ran ɗan mutum ba.

Mai Golf 4: Hajiya, zan saka kyamarar ribas ai.

Hajiya mai Sienna: Tawa tana da ita. Kusa da lamba take, inda taɓo ya fi taruwa, kuma sai ka sa ribas take kamawa. A kan titi kana gudu ba ta nuna maka komai.

Injiniya: In sabuwar ƙirar nan ce ta 2011 zuwa sama, Hajiya, waifarki ma a ɓoye take ƙarƙashin fiffiken rufi. Range Rover ma haka take yi. Kamfanonin sun san tana rage kyau, sai suka ɓoye ta.

Bakanike: Na bar ku kun gama tukuna. Ɗana, ban goyi bayan cirewa ba, amma in ka nace ka ji abin da ke ciki. A taka motar sandar waifar ta cikin gilashin ta ratso. Gilashin baya ba irin na gaba ba ne mai leda a tsakiya da ke tsagewa ya tsaya; wannan in ya ji bugu a bakin ramin gaba ɗaya yake wargajewa. Hannun waifar kuma yakan yi tsatsa ya kama sandar, yaran gareji su sa sukundireba su yi ta banƙara. Kada ka yarda. A zuba mai ya jiƙa, a ja shi da abin cirewa. Na biyu, bututun ruwan wanki ta nan yake fitowa. In ba a toshe shi da kyau ba, duk sanda ka taɓa sandar sitiyari ruwa zai zuba cikin ƙofar but, ya sauka kan makulli da wayoyin fitilar lamba. Murfin ma in robarsa ba ta zauna ba, damina ɗaya ta isa but ya fara wari.

Mai Civic: Oga, ai gam yana maganin wannan.

Bakanike: Zafin Afrilu yana maganin gam. Sannan ranar sayarwa dillali zai ga rami a toshe ya ce an taɓa buga bayan motar, ya rage maka kuɗi. In tsohon hannun ƙarfen ne ba ka so, akwai gajere na roba baƙi irin na sababbin Volkswagen, ba ya ɗaukar ido. Ka leƙa Ƙofar Ruwa ko Panteka da tsohon a hannunka a gwada bakin.

Mai Golf 4: Baba, na ji batun gilashin, ya tsorata ni. Amma har yanzu ina ganin a gari irin namu za a iya rayuwa ba ita. Zan fara gwada gajeren hannun in gani. In bai yi mini ba, wajenku zan kawo a cire.

Bakanike: Ka zo da safe kafin gilashin ya ɗau zafi. Injin da hannun da goron duk za mu ƙulle maka a leda ka ajiye, kuma ba za a yanke waya ko ɗaya ba, soket kawai za a zare a naɗe.